Yadda Ake Shirya Ɗaliban Sakandare Don Tambayoyin Ƙididdiga a WAEC da NECO

A makarantun sakandarenmu ƙididdiga tana zaune ne a cikin takardar lissafi ta gama-gari, wadda kowane ɗan aji shida yake rubutawa a WAEC da NECO, sannan ta sake fitowa da faɗi a lissafi mai zurfi ga 'yan kimiyyar da suka ɗauke shi. Da yake an saba ajiye ta can ƙarshen manhaja, malamai da yawa sukan iso ta a guje, zango ya kusa ƙarewa, a yi mata darasi biyu ko uku a wuce. Asara ce babba, domin a duk takardar lissafi da wuya a sami makin da ya kai nata sauƙi. Yaron da aljebra ta gagara yana iya cinye tambayar ƙididdiga ɗungurungum idan hannunsa ya saba. Kuma a hannun ake zubar da makin: teburin da ba a tsara ba, sikel ɗin da aka karya, ɗigon da aka sa a gurbin da ba nasa ba. Don haka shirin da ke ƙasa aikin hannu ya fi yawa a cikinsa. An tsara shi don kamar mako takwas, amma malam ya san ajinsa, sai ya ja ko ya taƙaita.

Mataki na farko: ka san takardar kafin ka shiga aji

A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, lissafi takarda biyu ce. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne a awa ɗaya da rabi. Ta biyu, wadda yara ke kira tiyori, tambaya 13 ce a awa biyu da rabi: biyar na farko dole ne kuma maki 40 ne jimlarsu, sai takwas na sashe na biyu, a zaɓi biyar a kan maki 60. Wato kowace tambaya a sashe na biyu tana ɗauke da maki 12, kuma da wuya ka buɗe tsohuwar takarda ba ka tarar da ƙididdiga ko yiwuwa a cikinsu ba. Ka duba manhajar shekarar da kake ciki, domin hukumomin jarrabawa sukan taɓa tsari, amma batutuwan ba su cika motsi ba.

Ka tara tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO na kamar shekara goma, ka tsamo na ƙididdiga kaɗai, ka ware su gida-gida: na matsakaici, na zanen da'ira, na histogiram, na ojaib (zanen lanƙwasa na yawan fitowa da aka tara a jere), na warwatsuwa, na yiwuwa. Yamma ɗaya ta isa wannan aiki. Idan ka gama za ka ga da idonka cewa tambayoyin suna maimaita kansu, lambobi kawai ake sauyawa. Ka nemi kuma rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa a shafinta na intanet, inda suke faɗin wuraren da ɗalibai suka yi tuntuɓe a kowace tambaya. Malamai ƙalilan ne suke karanta shi, alhali kyauta ne.

Mataki na biyu: gwajin gano rami

Kafin ka ambaci ƙididdiga, ka ba su ɗan gwaji na minti ashirin wanda babu ita a ciki ko kaɗan. Su ninka 45.5 da 12. Su tara lambobin da wasunsu ke da alamar ɗebewa. Su fitar da kashi 40 cikin 100 na 50. Su rage 20/56 zuwa mafi ƙanƙantar siffa. Su mayar da 13.078 zuwa lamba biyu bayan ɗigo. Wanda ya faɗi a nan zai faɗi a ƙididdiga komai kyan bayaninka. Ka ware waɗanda suka yi rauni, ka ba su minti goma na irin wannan aiki a farkon kowane darasi har mako biyu. Ka tabbatar kuma kowa ya san kalkuletarsa. Wanda ya aro kalkuleta a safiyar jarrabawa yakan ɓata minti biyar yana neman maɓallin sikwaya rut.

Mataki na uku: bayanai daga cikin ajin

Kada ka fara da lambobin littafi. Ka tambayi kowane ɗalibi lambar takalminsa, ko yawan ƙannensa, ko mintin da yake yi daga gida zuwa makaranta, ka rubuta amsoshin a allo a hargitse yadda suka zo. Sai ka ce, "To, wace lamba ce ta fi yawa a ajin nan?" Za su yi ta ƙirga suna ruɗewa, wani ya ce 39, wata ta ce 40. A nan ne za ka kawo tebur: ginshiƙin lamba, ginshiƙin ƙirga da 'yan sanduna, huɗu a tsaye na biyar ya gitta, sai ginshiƙin yawan fitowa, wanda ake yi wa alamar f. Sun ga amfanin teburin da kansu, ba sai ka yi wa'azi a kai ba.

Doka ɗaya za ka kafa tun ranar: duk wanda ya gama tebur ya tara f ɗinsa ya gwada da yawan bayanan da aka ba shi. In tambaya ta ce ɗalibai 50, shi kuma ya sami 49, ya tsaya ya nemo wanda ya ɓace. Wannan kuskure ɗaya yakan lalata duk abin da zai biyo baya.

Mataki na huɗu: matsakaici, midiyan da mod

Ga misalin da za ka iya ɗorawa a allo. Ɗalibai 20 sun yi gwaji, makin da suka samu 2, 3, 4, 5, 6 da 7 ne, yawan waɗanda suka sami kowanne kuma 2, 3, 5, 4, 4 da 2 bi da bi.

Don matsakaici, a ƙara ginshiƙin fx, a ninka kowane maki da yawan masu shi: 4, 9, 20, 20, 24, 14. Jimla 91. A raba da 20, a sami 4.55. Ka zuba ido, domin tabbas wani zai raba 91 da 6 tunda layi shida yake gani a tebur, ya sami sama da 15. Kada ka gyara masa. Ka tambaye shi, "Mafi girman maki a gwajin nan nawa ne?" Zai ce bakwai. "To yaya matsakaici zai wuce bakwai?" Wanda ya ji wannan tambaya sau ɗaya a gaban abokansa ba ya mantawa, kuma ya koyi duba ko amsarsa ta yi kama da hankali.

Mod shi ne makin da ya fi yawan fitowa, wato 4. Na zaɓi lambobin nan da gangan: mafi girman f shi ne 5, kuma akwai maki 5 a teburin, don haka rabin aji za su rubuta 5. Ka bar su su faɗa tarkon a aji, ya fi su faɗa a zauren jarrabawa.

Midiyan kuwa sai an jera. Mutum 20 ne, tsakiya tana tsakanin na 10 da na 11. A tara f daga sama: 2, 5, 10, 14. Na goma ya sami 4, na sha ɗaya ya sami 5, midiyan ya zama 4.5. In ka ga ba su gane ba, ka fito da mutum tara ka jera su bisa tsayi, na biyar ne tsakiya. Ka ƙara ɗaya su zama goma, ka tambaye su wa ke tsakiya yanzu.

Akwai wani salon tambaya da masu jarrabawa ke so, inda za su ɓoye f ɗaya su ba da matsakaici. Misali lambobi 1, 2, 3, 4 masu yawan fitowa 2, x, 5, 3, matsakaici 2.6. Jimlar f ita ce 10 + x, jimlar fx kuma 29 + 2x. Sai a ce 29 + 2x = 2.6(10 + x), a buɗe, 3 = 0.6x, x ya zama 5. Su yi irin wannan sau biyar ko shida, ya wadatar.

Mataki na biyar: bayanan da aka kasa rukuni-rukuni

Daga nan aikin ya fara nauyi, kuma ina ba da shawarar a riƙe tebur ɗaya a yi ta juya shi har mako biyu, domin yara su ga cewa tambayoyi shida ko bakwai suna fita daga jiki ɗaya. Ga makin ɗalibai 50:

21–30: mutum 3
31–40: mutum 7
41–50: mutum 12
51–60: mutum 15
61–70: mutum 9
71–80: mutum 4

Abu biyu za su fara fitarwa. Na farko tsakiyar rukuni: a tara 21 da 30 a raba biyu, 25.5, sai 35.5, har 75.5. Na biyu iyakar rukuni. Tsakanin 30 da 31 akwai giɓi, a raba shi biyu, iyaka ta zama 30.5. Rukunin farko kenan ya tashi daga 20.5 zuwa 30.5, faɗinsa 10 ne, ba 9 ba. Ka daɗe a kan wannan. Yaran da ke ruɗa tsakiyar rukuni da iyakarsa su ne za ka ga sun zana ojaib a karkace mako mai zuwa.

Matsakaici ta hanya miƙaƙƙiya: fx zai ba da 76.5, 248.5, 546, 832.5, 589.5 da 302, jimla 2595, a raba da 50, a sami 51.9. Sannan ka nuna musu hanyar matsakaicin zato. A ɗauki 55.5 a matsayin zato, a cire shi daga kowace tsakiya, a sami d: −30, −20, −10, 0, 10, 20. A ninka da f: −90, −140, −120, 0, 90, 80, jimla −180. A raba da 50, −3.6. A haɗa da 55.5, ga 51.9 ta sake fitowa. Yara sukan yi murna idan hanya biyu suka kai su gida ɗaya. Ka gargaɗe su cewa in tambaya ta ambaci matsakaicin zato, dole ta nan za a bi, ko da amsar ɗaya ce.

Mataki na shida: zane, inda maki ya fi zubewa

Kowane ɗalibi ya zo da littafin giraf, fensir mai tsini, rula, kamfas da furotakta. In akwai waɗanda ba su da halin sayen littafin, a haɗa kuɗi a sayi kaɗan a yayyaga a raba, takarda biyu-biyu a kowane darasi. Kai ma ka zana layukan giraf a gefe ɗaya na allo da abin da ba ya gogewa da wuri, domin zane a kan allo fili ba ya koya wa kowa karanta ƙananan murabba'ai. Ba a koyon wannan sashe da kallo. Malamin da ya zana ojaib mai kyau a allo, yara suka kwafa da ido, bai koyar da komai ba tukuna.

Ka fara da sikel, ka ba shi darasi guda cur. Tambaya takan ce a ɗauki santimita 2 a matsayin maki 10 a layin kwance, santimita 2 a matsayin mutum 5 a layin tsaye. A takardar giraf da aka saba, santimita 2 ƙananan murabba'ai goma ne. Kenan a kwance kowane ƙaramin murabba'i maki ɗaya ne, a tsaye kuma rabin mutum ne. Ka sa su rubuta wannan a gefen takarda kafin su sa ɗigo ko ɗaya. Sai ka riƙa kiran lamba suna nunawa da fensir: ina 22 a tsaye, ina 50.5 a kwance. Ka zaga ka duba yatsunsu. Wanda ya canja sikel ɗin da aka ba shi don zanensa ya fi dacewa da takarda ya yi asarar maki tun kafin a duba layinsa.

Histogiram da iyakokin rukuni ake zana shi, sanduna manne da juna ba giɓi. Wannan ne ya raba shi da zanen sanduna na yau da kullum, wanda ake barin fili tsakani. Don ciro mod, a je sanda mafi tsawo, ta 50.5 zuwa 60.5, a ja layi daga kusurwarta ta sama ta hagu zuwa inda sandar dama ta taɓa ta, a ja wani daga kusurwar dama zuwa inda sandar hagu ta taɓa ta, inda suka gitta a sauko ƙasa a karanta. A teburinmu zai faɗa wajen 53.8. Su bar layukan a jikin zanen, kada su goge, domin su ne shaidar aikin.

Ojaib kuma shi ne sarkin tambayoyin ƙididdiga a sashe na biyu. A tara f a hankali: 3, 10, 22, 37, 46, 50. Lambar ƙarshe dole ta yi daidai da jimlar mutane. Kowace ana sa ta a kan iyakar rukuni ta sama: 3 a kan 30.5, 10 a kan 40.5, haka har 50 a kan 80.5. A fara layin daga 20.5 a kan sifili. Ka tambaye su dalilin da ya sa iyakar sama ce ba tsakiya ba. Amsar ita ce ba za a ce mutum 22 sun cika ba sai an kai ƙarshen rukunin 41–50. Wanda ya fahimci haka ba ya buƙatar hadda.

Layin lanƙwasa ne mai santsi, ba a haɗa ɗigo da rula. Tsohuwar dabarar tsinken tsintsiya har yanzu tana aiki: a sami tsinke ɗanye mai lanƙwasuwa, a kwantar da shi a kan ɗigogin, a bi gefensa da fensir. A aji mutum biyu sukan taimaki juna, ɗaya ya riƙe ɗaya ya ja, amma ka tuna musu a zauren jarrabawa kowa shi kaɗai ne, don haka su koyi ja da hannu sake, takardar a juye yadda gwiwar hannu za ta kasance a cikin lanƙwasar.

Daga zanen sai karatu. Midiyan a kan 25 a tsaye, a ja layi zuwa lanƙwasa, a sauko, wajen 52.5. Kwatayil na ƙasa, wato inda kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ya cika, a kan 12.5, wajen 42.6. Na sama a kan 37.5, wajen 61. Tazarar da ke tsakaninsu kamar 18.5. Amsar zane takan ɗan bambanta daga hannu zuwa hannu, masu dubawa sun san da haka, muddin ba ta yi nisa ba kuma layukan karatun suna nan.

Tarko biyu suna nan da ya kamata ka tanadar musu darasi na musamman. In aka ce mutum nawa suka sami sama da 65, yaro zai hau daga 65 ya karanta 41 ya rubuta. Amma 41 ɗin waɗanda ke ƙasa ne, sai an cire daga 50 a sami 9. In kuma aka ce kashi 60 cikin 100 ne suka ci, a nemo makin ci, zai tafi kan 30 kai tsaye. Ojaib daga ƙasa yake ƙirga, waɗanda suka faɗi kashi 40 ne, wato mutum 20, a can za a karanta, makin ci ya fito wajen 49. Ka sa su riƙa tambayar kansu kafin su taɓa rula: waɗanda ake nema suna sama ne ko ƙasa?

Zanen da'ira ba ya cin lokaci. Manomi ya girbe buhu 60: gero 25, dawa 15, wake 12, gyaɗa 8. Da'ira digiri 360 ce, kowane buhu ya ci digiri 6, sai kusurwoyin su zama 150, 90, 72 da 48. A tara a ga 360 kafin a ɗauki kamfas. Matsalar a furotakta take, domin tana da layin lamba biyu, na ciki da na waje, yaro ya nemi 72 ya auna 108. Ka koya musu duba da ido: kusurwar da ba ta kai 90 ba dole ta fito a tsuke. Su kuma gwada tambayar a juye, inda za a ba da kusurwa a nemi adadi.

Mataki na bakwai: warwatsuwa

Ka rubuta makin yara biyu a allo. Ɗaya ya sami 48, 50, 52, ɗayan 20, 50, 80. Matsakaicinsu ɗaya, 50. Ka tambayi aji wanne za su tura gasa. Gardamar da za ta tashi ita ce darasin: matsakaici kaɗai ba ya faɗin komai game da yadda lambobi suka bazu.

Ka fara da ƙananan lambobi, 2, 4, 6, 8, 10. Matsakaici 6. Nisan kowace daga 6: −4, −2, 0, 2, 4. Su tara su ga sifili ya fito, kuma kullum haka zai fito. Shi ya sa ake bin ɗayan hanya biyu. Ko a yar da alamar ɗebewa a tara, 12, a raba da 5, matsakaicin nisa ya zama 2.4. Ko a ninka kowace da kanta, 16, 4, 0, 4, 16, jimla 40, a raba da 5 a sami 8, wato bariyans, a ɗauki sikwaya rut ɗinsa, 2.83, wato sitandad dibiyeshin. Mantawa da wannan mataki na ƙarshe ya zama ruwan dare, haka ma rubuta −16 a matsayin −4 sau −4, musamman ga wanda ya danna kalkuleta ba tare da baka ba.

Sai a koma babban teburin. Ginshiƙin d yana nan, a ƙara na fd², wato d sau d sau f: 2700, 2800, 1200, 0, 900, 1600, jimla 9200. A raba da 50, 184. A cire 3.6 sau 3.6, wato 12.96, saura 171.04. Sikwaya rut ɗinsa 13.08. Ka hana su taƙaita lamba a tsakiyar aiki. Wanda ya mayar da 3.6 zuwa 4 tun da wuri zai sauka a gefen amsa, makin ƙarshe ya kuɓuce masa.

Mataki na takwas: yiwuwa

Tambayoyin yiwuwa suna yawan magana a kan kwabo, ɗan ludo da kati, kuma ana ɗauka kowa ya san su. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa riƙe kwabo ba tunda ya daina yawo a kasuwa, katin da suka sani kuma Whot ne, wanda ba shi ne na tambaya ba. Ka kawo tsohon kwabo da ɗan ludo aji su jefa. Game da kati, ka rubuta musu tsarinsa a allo: guda 52, gida huɗu, kowane gida 13, rabi ja rabi baƙi. Ba sai ka shigo da shi makaranta ba, kada wani uba ya ji an ce malam yana koyar da caca.

Murafun kwalba a cikin leda baƙa sun fi komai amfani. Ja biyar, shuɗi uku. Yiwuwar zaro ja 5/8 ce. In an mayar an sake zarowa, ja biyu a jere 5/8 sau 5/8, wato 25/64. In ba a mayar ba, saura ja huɗu cikin bakwai, 5/8 sau 4/7, wato 5/14. Ka sa yarinya ɗaya ta zaro murfin ta riƙe a hannu, ka tambayi aji nawa suka rage a leda. Don 'yan ludo biyu, su zana tebur mai gida 36 duk lokacin da tambayar ta zo, su ƙirga da ido. Jimla 7 tana fitowa sau 6, yiwuwarta 1/6. Duk amsar da ta wuce 1 kuskure ce, su sani tun yanzu.

Mataki na tara: harshen tambaya da idon mai dubawa

Ka yi bayani da Hausa in nan ne za su fi ganewa, babu laifi a ciki, amma jarrabawa da Turanci za ta zo. Kowane darasi ya ƙare da tambaya ta ainihi daga tsohuwar takarda, ɗalibi ya karanta ta da ƙarfi, wani ya faɗi da bakinsa abin da ake nema kafin kowa ya taɓa biro. Kalmomin da ke nufin aƙalla, da bai wuce ba, da tsakanin kaza da kaza, su ne suka fi kayar da yara, sai a yi ta maimaita su da misalai.

Sannan ka nuna musu yadda ake rabon maki. A tsarin dubawa akwai makin hanya, akwai makin amsa, akwai na abin da aka rubuta daidai shi kaɗai, kamar ginshiƙin tebur. Wanda ya rubuta dabara, ya zuba lambobi a gurbinsu, ya yi kuskure a ƙarshe, zai tsira da yawancin makinsa. Wanda ya danna kalkuleta ya rubuta 51.9 tsirara ba zai sami abin kirki ba. Hanya mafi sauri ta cusa wannan ita ce su duba aikin juna. Ka rubuta rabon makin a allo, su yi musayar littafi, kowa ya ba ɗan'uwansa maki. A aji mai mutum tamanin wannan ne kaɗai zai sa a duba aikin kowa a kowane mako. Ka kasa su rukuni na mutum biyar ko shida, kowane rukuni da wanda ya ɗan fi ganewa, kai kuma ka karɓi littafi goma daban-daban kowane mako ka duba da kanka.

Mataki na goma: agogo

Minti 150 a kan maki 100 yana nufin minti ɗaya da rabi ga kowane maki. Tambaya mai maki 12 kenan minti 18 ce, mai maki 8 kuma minti 12. A karon farko ojaib zai ci wa yawancinsu fiye da rabin awa. A mako biyun ƙarshe, kowane darasi ya fara da tambaya ɗaya a ƙarƙashin agogo, minti 25 da farko, sai 20, sai 18. In lokaci ya cika a ajiye fensir ko an gama ko ba a gama ba. Da yake wannan shiri yakan faɗo cikin zafin bazara, ka nemi a ba ka darasin safe don aikin zane, domin hannu mai gumi yana ɓata takardar giraf, kan da ya gaji kuma ba ya ƙirga ƙananan murabba'ai.

Masu rubuta JAMB suna buƙatar wani horo dabam. Tambayoyin lissafi 40 ne a kwamfuta, ba zane, ba makin hanya, sauri ne kawai. Ka ba su gajerun tambayoyi goma a minti goma: midiyan na lamba bakwai, kusurwar yanki a da'ira, yiwuwar ɗan ludo ɗaya.

Ana saura kwana uku ka daina kawo sabon abu. Kowa ya rubuta dabarun a takarda ɗaya da hannunsa, ya karanta, ya bar ta a gida ranar jarrabawa. Ka duba jakar kowa: fensir biyu a fiƙe, magogi, rula mai lambobi a bayyane, kamfas da ba ya sakin ƙafa, furotakta, da kalkuleta irin wadda aka yarda da ita, mai batir mai rai. Ka gaya musu in sun buɗe sashe na biyu su karanta tambayoyi takwas ɗin duka kafin su zaɓa, in ta ƙididdiga tana ciki su fara da ita tun hannu bai gaji ba, su rubuta lambar tambayar da sikel a saman takardar giraf, su sa suna a layin kwance da na tsaye.